Rundunar Lorraine da Kanikawanta, 1940 zuwa 1945

Lorraine runduna ce ta jiragen yaƙi masu jefa bama-bamai, wadda Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus suka kafa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ta fara yaƙi a hamadar arewacin Chadi a farkon 1941, ta bi ta Habasha da Libiya, ta koma Ingila, sannan ta kai harinta na ƙarshe a arewacin Jamus a watan Mayu na 1945. Ba babbar runduna ba ce. Ko a lokacin da ta fi ƙarfi, jirage goma sha biyu ta saba tayarwa a fita guda. A tsawon waɗannan shekaru ƙarfinta bai taɓa wuce adadin jiragen da kanikawanta suka iya tashi da su da asuba ba, shi ya sa tarihinta ya rabu gida biyu: zamanin babu a Afirka, lokacin da ake ciro kayan wani jirgi a rufa wa wani asiri, da zamanin wadata a Turai, lokacin da kayan gyara suka samu amma aikin ya ninka.

Asalin rundunar yana cikin faɗuwar Faransa a watan Yuni na 1940. Da gwamnatin Marshal Pétain ta nemi sulhu da Jamus, Janar Charles de Gaulle ya yi kira ta rediyon Landan ranar 18 ga Yuni cewa a ci gaba da yaƙi. Sojojin saman da suka amsa kiran ba su da yawa. Wasu sun sato jirage sun tsallaka teku, wasu sun shiga jiragen ruwan da ke kwashe sojojin Poland, aka tara su a sansanin Odiham da ke kudancin Ingila. Daga cikinsu aka haɗa ƙananan ƙungiyoyi biyu da za su tafi Afirka. Ta farko, ƙarƙashin Lionel de Marmier, ta bi ayarin jiragen ruwan da ya je karɓe Dakar a ƙarshen Satumba. Yunƙurin ya ci tura, sai aka sauke mutanen da jiragensu a Duwala ta Kamaru, suka taka rawa a yaƙin Gabon a watan Nuwamba. Ta biyu, mai suna Topic, ƙarƙashin Jean Astier de Villatte, ta nufi Takoradi da ke Ghana ta yau. Abin da ya ba su wurin tsayawa a tsakiyar Afirka shi ne matakin gwamnan Chadi, Félix Éboué, wanda ya bayyana goyon bayansa ga de Gaulle ranar 26 ga Agusta 1940, Kamaru da Brazzaville suka biyo baya cikin kwana biyu.

Takoradi ita ce bakin hanyar da Birtaniya ta buɗe a wannan shekara don kai jirage Masar, tun da shigar Italiya yaƙi ta sa Bahar Rum ta zama mai haɗari ga jiragen ruwa. Ana kawo jiragen sama a cikin manyan akwatunan katako, a sauke su a tashar ruwa, a harhaɗa su, a gwada, sannan su tashi rukuni-rukuni: Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy wadda ake kira Injamena a yau, El Geneina, El Fasher, Khartum, har Masar, tafiyar kusan kilomita 6,000. Rukunin farko ya tashi a watan Satumba na 1940, kuma kafin a daina amfani da hanyar jirage fiye da 5,000 sun bi ta. Hanyar ba baƙuwa ba ce ga Ingilishi. A 1925 wani hafsa mai suna Arthur Coningham ya jagoranci jirage uku daga Masar suka sauka Kano, su ne jiragen sama na farko da birnin ya gani, kuma daga 1936 kamfanin Imperial Airways yana jigilar wasiƙu tsakanin Khartum da Kano. Wannan Coningham ɗin shi ne zai zama babban kwamandan da Lorraine za ta yi aiki a ƙarƙashinsa, a Libiya a 1941 da kuma Turai a 1944.

Hanyar tana da nata sharrin. Nijar na hannun gwamnatin Pétain da ke Vichy, Damagaram kuwa ba ta da nisa da Kano, don haka matuƙin da ya kauce arewa a cikin hazon hunturu yana iya faɗawa hannun waɗanda za su tsare shi. Tsakanin tasha da tasha daji ne ko rairayi, shi ya sa ake shafa wa saman jirage farin fenti domin masu nema su hango wanda ya yi saukar dole. Zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da kanikawa a Takoradi da Legas. Sannan tafiyar kanta tana cin injin: jirgi sabo fil daga akwati yakan isa fagen fama ya riga ya ƙone wani kaso na sa'o'in da aka ƙayyade wa injinsa kafin babban gyara. Filayen saukar kuma ƙwadagon mutanen wurin ne ya faɗaɗa su, su ne masu sarar daji, masu daɓe ƙasa, masu mirgina gangunan mai daga mota zuwa gindin jirgi. Ƙungiyar Topic ta bi wannan hanya ta yada zango a Maiduguri, kuma a ƙarshen Disamba 1940 aka haɗe ta da mutanen da suka taso daga Kamaru da Gabon, aka yi runduna guda mai mazauni a Fort-Lamy da Maiduguri. A lokacin ba ta da suna sai lamba, GRB 1, Astier de Villatte ne shugabanta.

Jirginta shi ne Bristol Blenheim, ƙirar Ingila, mai injin biyu da mutum uku a ciki: matuƙi, mai lissafin hanya wanda shi ne ke sakin bama-bamai, da mai rediyo wanda ke riƙe da bindigar baya. Yana ɗaukar bama-bamai masu nauyin kilo 450 ko kusa da haka. Matsalar farko da kanikawan Faransa suka ci karo da ita ita ce ta awo. Sun koyi sana'a da milimita da lita da kilo, ga shi kowane noti a jikin Blenheim an yanka shi da awon inci na Ingilishi, sifanar da mutum ya taho da ita daga gida ba ta kama shi, agogunan ciki suna nuna galan da fam da ƙafa, littafin gyara kuma da Turancin Ingilishi yake. Matuƙa ma ba su tsira ba. A jiragen Faransa na wancan zamani jawo sandar wuta baya ake yi idan ana son ƙarin ƙarfi, a na Ingila kuwa turawa gaba ake yi, kuma hannun da ya saba da ɗaya yana iya yin kuskuren da ba a gyarawa a lokacin tashi ko sauka.

Injin Blenheim, mai suna Mercury, silinda tara gare shi jere a zagaye, iska ce ke sanyaya shi ba ruwa ba. Wannan alheri ne a ƙasar da ruwa ke wuya, domin babu lagireto da zai fashe ko ya tafasa. Amma injin da ke shaƙar iska mai yawa yana shaƙar abin da ke cikinta, kuma iskar Chadi a watannin Disamba zuwa Fabrairu ƙura ce zalla. Rairayi mai laushi yakan bi ta kafireto ya shiga silinda, ya haɗu da baƙin mai ya zama kamar garin wasa wuƙa, ya cinye ringin fistin da bakin bawul. Alamar farko ita ce injin ya fara shan baƙin mai fiye da ƙima, sai hayaƙi, sai ƙarfi ya ragu a daidai lokacin da ake buƙatarsa, wato wajen tashi da cikakken kaya a cikin zafi, inda iska ba ta da kaurin da za ta ɗaga fiffike. Akwai matatar iska ta kamfanin Vokes da ake ɗaurawa a bakin kafireto, tana rage ɓarnar, amma sai an ciro ta an wanke a kai a kai, kuma tana rage wa jirgin gudu. Kowace silinda filogi biyu ne, sha takwas ke nan a inji ɗaya, talatin da shida a jirgi, kuma filogi ɗaya da ya yi datti ya isa ya sa inji ya riƙa tari lokacin gwaji a fasa tafiya. Kafin a tayar da inji sai an juya farfela da hannu zagaye da yawa, saboda baƙin mai yakan taru a silindojin ƙasa idan jirgi ya kwana, in aka kunna a haka sandar fistin na iya lanƙwashewa. Da zarar jirgi ya sauka kuma sai a toshe kowace kafa da tsumma ko tamfol. Da rana kwanon jirgi yakan yi zafin da ba ya taɓuwa, don haka babban aiki sai da sassafe ko bayan la'asar.

Mai shi ne ɗaya ciwon kan. Fort-Lamy tana nesa da kowace teku, babu layin dogo da ya kai ta. Abin da ya biyo ta Najeriya yakan hau jirgin ƙasa daga Legas zuwa arewa, daga nan sai mota, domin layin dogo bai isa Maiduguri ba sai 1964. Abin da ya biyo ta Kamaru ko Brazzaville yakan yi makonni a kogi da hanyoyin da damina ke rufewa. Daga Fort-Lamy zuwa arewa kuwa motoci da raƙuma ne ke ɗauka, motar da ke kai man tana ƙone kaso mai yawa na irin abin da take ɗauke da shi. Man da ya sha wannan tafiya a ganga yakan zo da tsatsa da ruwa da ƙasa, sai an tace shi ta cikin fata mai laushi a bakin mazurari, ana bugawa da famfon hannu, kafin ya shiga tanki. Cika jirgi ɗaya ta wannan hanya aikin mutum da yawa ne na tsawon lokaci a tsakiyar rana.

A cikin wannan hali Kanar Leclerc, kwamandan sojojin de Gaulle a Chadi, ya shirya kai wa Italiyawa hari a Kufra, dausayi a kudu maso gabashin Libiya mai ganuwa da filin jirgi, kimanin kilomita 1,600 daga Fort-Lamy. Blenheim ba zai iya zuwa ya dawo daga can ba, sai aka kai jiragen Ounianga Kebir, wurin tafkunan gishiri kusan kilomita 1,000 arewa da Fort-Lamy, inda babu rumfa, babu na'urar ɗaga inji, babu komai sai abin da aka zo da shi. Daga nan akwai sauran kilomita fiye da 600 na hamada marar alama. An kai hari ranar 2 ga Fabrairu 1941, aka sake ranar 5. Ɓarnar da bama-baman suka yi ba ta taka kara ta karya ba, kuma sojojin ƙasa ne, yawancinsu 'yan Afirka, da igwa ɗaya tak, suka sa ganuwar ta miƙa wuya ranar 1 ga Maris. Rundunar sama kuwa ta biya da tsada. A harin ranar 5 jirgin da ke ɗauke da Claron da Le Calvez da Devin ya ɓace a hanyar dawowa. Sun sauka lafiya a cikin rairayi bayan mai ya ƙare, ƙishirwa ta kashe su, ba a ga jirgin da gawarwakinsu ba sai a 1959. A irin wannan ƙasa kamfas da ya karkace da 'yan digiri kaɗan, ko rediyon da batirinsa ya yi sanyi, ya isa ya kashe mutum uku ba tare da abokin gaba ya harba ko harsashi ɗaya ba, kuma wannan ne ya sa aikin mai daidaita kamfas da mai gyaran rediyo bai gaza na mai gyaran inji muhimmanci ba.

Bayan Kufra aka tura jiragen da suka rage Khartum, daga nan suka riƙa kai hari da leƙen asiri kan Italiyawan da suka maƙale a tsaunukan Habasha, musamman wajen Gondar. Ƙura ta ragu, damina da gizagizai masu rufe kan dutse suka maye gurbinta. A watan Satumba na 1941, bayan an karɓe Siriya daga hannun Vichy, aka tattara rundunar a Dimashƙu, aka ƙara mata mutane da sababbin Blenheim. A nan ta sami sunanta. Shugabannin sojan sama na Faransa Mai 'Yanci, wato ɓangaren de Gaulle, sun zaɓi su sa wa rundunoninsu sunayen lardunan ƙasar, aka ba wannan sunan Lorraine, lardin da Jamus ta haɗiye wani ɓangarensa, aka kira sassanta biyu Metz da Nancy, manyan biranen lardin. Waɗanda aka bari a Chadi su ne suka zama rundunar Bretagne a farkon 1942.

Daga Nuwamba 1941 zuwa Janairu 1942 Lorraine ta yi yaƙi a hamadar Masar da Libiya, a cikin babban farmakin da Birtaniya ta fara ranar 18 ga Nuwamba don kuɓutar da Tobruk. Wannan shi ne karon farko da ta yi aiki a matsayin cikakkiyar runduna, tana fita kusan kullum kan ayarin motocin Rommel, kwamandan sojojin Jamus a can, daga baya kuma kan sansanonin Bardia da Sollum da mashigar Halfaya, wadda ta miƙa wuya ranar 17 ga Janairu. Blenheim ya riga ya tsufa a wannan lokaci, ba ya iya tsere wa jiragen farauta na Jamus. Ranar 20 ga Disamba aka harbo jirgin shugaban rundunar, Laftana-Kanar Charles Pijeaud. Ya ƙone sosai, Italiyawa suka kama shi suka kwantar da shi a asibitin Derna, ya gudu daga can duk da raunukansa, ya rasu a Iskandariyya ranar 6 ga Janairu 1942. Ga kanikawa, yaƙin hamada yaƙin ƙaura ne. Filin jirgi fili ne kawai da aka share duwatsu, ana barinsa a koma wani duk lokacin da fagen daga ya matsa. Ana warwatsa jirage nesa da juna saboda harin sama, don haka mai gyara yakan yi doguwar tafiya da akwatin kayan aikinsa. Da dare ba a kunna fitila a fili, sai a lulluɓa da tamfol a yi aiki da tocila. Ruwa rabo ne, ba ya isar sha balle wanka, sai a wanke hannu da tufafi da fetur. Jirgin da ya lalace ƙwarai ba a zubar da shi, a kansa ake ciro magneto da taya da birki da gilashi har sai ya zama ƙwarangwal. Wasu daga cikin masu wannan aiki sun ƙare a kujerar matuƙi: Yves Ezanno ya shigo a matsayin hafsan kanikawa, ya zama matuƙi a rundunar, daga baya ya kai muƙamin janar.

Shekarar 1942 ta wuce cikin hutu da sintiri a gaɓar Siriya da Falasɗinu. A ƙarshenta aka sa mutanen a jirgin ruwa, suka zagaya ta kudancin Afirka zuwa Birtaniya. Ranar 7 ga Afrilu 1943 aka sake kafa rundunar a West Raynham a matsayin runduna ta 342 ta sojan saman Birtaniya, tana riƙe da sunanta da alamar gicciyen Lorraine a jikin jiragenta. Sabon jirgin shi ne Douglas Boston, ƙirar Amurka, mai gudu ƙwarai, mai ɗaukar ninkin kayan Blenheim, da taya ta uku a hanci. Faransa ce ta fara yin odarsa tun 1939, kuma waɗanda ba a kai mata ba kafin faɗuwarta Birtaniya ce ta gaje su. Kanikawa suka sake komawa makaranta, domin notin Amurka da na Ingila ba su shiga juna duk da cewa dukansu da inci ake auna su. Injin Wright na Boston silinda goma sha huɗu ne a layi biyu, filogi ashirin da takwas, kuma kaiwa ga na layin baya aiki ne na mai siririn hannu da haƙuri.

A Ingila aikin ya shiga tsari mai tsauri. Kowane jirgi yana da mutanensa: mai inji, mai gangar jiki da fiffike da haidirolik, mai makamai, mai lantarki, mai rediyo, mai agogunan ciki. Kowace safiya kowa yakan duba sashensa ya sa hannu a takardar jirgin, wadda Ingilishi ke kira fom 700, matuƙi ma ya sa hannu kafin ya karɓa, ya kuma rubuta duk wata matsala da ya gani bayan ya dawo. Bayan adadin sa'o'in tashi da aka ƙayyade sai a ja jirgi rumfa don babban bincike, ko yana da matsala ko ba shi da ita. Sa hannun nan ba ƙaramin abu ba ne, domin idan jirgi bai dawo ba, wanda ya ɗaure injinsa yakan kwana yana tambayar kansa ko igwar abokan gaba ce ko wani noti ne da bai matse ba. Masu makamai su ne suka fi kusa da haɗari a ƙasa: su ke jawo bama-bamai daga ma'aji a kan kurar ƙarfe, su sa musu kunamar fashewa, su ɗaga su cikin jirgi da ƙugiya, kuma idan aka canja wurin hari a ƙurarren lokaci sai a sauke duka a ɗora wani iri.

Lorraine ta fara kai hari daga Ingila a watan Yuni na 1943, ta koma Hartford Bridge a watan Satumba. Yanzu ƙasarsu suke jefa wa bama-bamai, abin da ya sa suka fi son tashi ƙasa-ƙasa, daidai kan bishiyoyi, don kada bam ya kauce ya faɗa gidajen mutane. Ranar 3 ga Oktoba 1943 jirage goma sha biyu ƙarƙashin Henry de Rancourt suka lalata tashar rarraba wutar lantarki ta Chevilly-Larue a kudancin Paris. Cikin masu lissafin hanya a ranar akwai Pierre Mendès France, wanda ya zama firayim minista a 1954. An rasa jirage biyu. Na Laftana Yves Lamy ya faɗa kogin Seine kusa da gadar Tolbiac, mutum huɗun da ke ciki suka mutu, ɗayan kuma ya yi saukar dole a dajin Compiègne. Irin wannan tashi yana dawo wa kanikawa da aikin da ba su sani ba a hamada: tsuntsayen da suka fasa gilashin hanci, ganye da waya a bakin inji, gishirin teku a jikin kwano, da ramukan harsashi da sai an bi kowanne an ga abin da ya taɓa a ciki kafin a yanka faci a buga masa ƙusa. A cikin hunturun da ya biyo baya aka mayar da rundunar kan wuraren da Jamus ke ginawa a arewacin Faransa don harba makamin V-1. A ɗaya daga cikin waɗannan hare-hare, ranar 25 ga Janairu 1944, tarkacen harsashi ya makantar da matuƙi Arnaud Langer na ɗan lokaci. A cikin Boston matuƙi shi kaɗai yake a ƙuntataccen ɗaki, babu mai iya isa gare shi. Mai lissafin hanyarsa, Romain Gary, wanda shi ma ya ji rauni a ciki, da mai rediyo, su suka yi ta faɗa masa hagu da dama da sama da ƙasa ta wayar kunne har ya sauke jirgin a Ingila. Gary, wanda ya zauna a Kano da Maiduguri a 1941, ya zama ɗaya daga cikin manyan marubutan Faransa.

Shirin saukar Normandy ya faɗo kan kanikawa kafin ya faɗo kan matuƙa. Kwana biyu ko uku kafin ranar aka ba da umarnin a zana wa kowane jirgi zane biyar, fari uku da baƙi biyu, a fiffike da gangar jiki, domin jiragen ruwan ƙawance su gane nasu. A jirgi mai injin biyu faɗin kowane zane inci 24 ne. An ɓoye umarnin har ƙurarren lokaci, aka yi aikin cikin gaggawa da buroshi da duk abin da hannu ya kai gare shi, shi ya sa a hotunan lokacin layukan suke a karkace. Jiragen Lorraine kuma an cire musu bama-bamai an ɗaura tankunan hayaƙi a cikinsu, da bututu masu leƙowa ta ƙasa. Da asubahin 6 ga Yuni 1944 jirage goma sha biyu ƙarƙashin Michel Fourquet suka bi gaɓar Cotentin daf da ruwa, suka shimfiɗa labulen hayaƙi tsakanin igwogin Jamus da jiragen ruwan Amurka da ke dosar gaɓar Utah, harsasan ɓangarorin biyu na wucewa ta kansu. Jirgi ɗaya bai dawo ba. Cikin makonnin da suka biyo baya aka koma aikin dare kan hanyoyin da Jamusawa ke bi a bayan fagen daga, kanikawa suka juya barcinsu, suna gyara da rana suna jiran dawowar jirage kafin asuba. Daren 4 zuwa 5 ga Agusta, a yankin Falaise, shi ne mafi muni a tarihin rundunar, domin jirage da dama aka rasa a fita ɗaya.

A watan Oktoba na 1944 Lorraine ta sauka a ƙasar Faransa, a filin Vitry-en-Artois wanda bama-baman ƙawance suka ragargaza lokacin yana hannun Jamus. Hunturun shekarar ya yi tsanani. Mutanen da suka koyi kare inji daga rairayi yanzu suna share ƙanƙara daga fiffike, suna ɗumama baƙin mai da ya daskare, suna kwance noti da yatsun da sanyi ya kashe. Hare-haren sun koma kan gadoji da mahaɗar layin dogo a Holland da yammacin Jamus. A bazarar 1945 aka canja Boston da B-25 Mitchell, sauyin da ya zo wa masu inji da sauƙi saboda jiragen biyu injin Wright iri ɗaya suke amfani da shi. Rundunar ta matsa zuwa Gilze-Rijen a Holland a watan Afrilu, ta kai harinta na ƙarshe ranar 2 ga Mayu.

Lissafin da aka yi bayan yaƙi ya nuna fita fiye da 3,000 da mutum 127 da suka mutu. Ranar 28 ga Mayu 1945 de Gaulle ya ba rundunar lambar girma ta 'Yantar da Ƙasa, wadda rundunonin soja goma sha takwas kaɗai suka samu. An ba da ita ne ga rundunar gaba ɗayanta, kuma hakan ya yi daidai, domin lambobin da ake ba mutum ɗaiɗai sun fi zuwa ga masu tashi sama, alhali kowace fita a cikin dubu ukun nan sai da wani ya kwana a gindin jirgi kafin ta yiwu. A watan Disamba na 1945 rundunar ta fita daga hannun Birtaniya ta koma cikin sojan saman Faransa. Daga baya ta bar aikin jefa bama-bamai ta zama ta farauta, ta yi amfani da jiragen Mosquito da Meteor da Vautour da Mirage F1, ta daɗe a Reims. An sake ɗaga tutarta a 2010 a sansanin Al Dhafra na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da jiragen Rafale, sannan a 2016 aka mayar da ita Mont-de-Marsan a kudu maso yammacin Faransa.